Martani: Yunwa Ba Ta Maganin Teɓa

Malam, na karanta rubutunka inda ka shawarci masu ƙiba su riƙa wuni ba ci, su dogara da shayin rage teɓa. Gaskiya ka yi ganganci. Yawancin irin wannan shayi gudawa da fitsari yake sa mutum; ruwan jiki ke zubewa, kitsen yana nan daram. Kuma in mai ciwon suga ya bi maganarka a zafin Afrilu na Haɗeja ya yanke jiki ya faɗi, wa zai ɗauki alhakinsa?

Abin mamaki, kana zaune a bakin kogi kana tallan garin shayin da ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. Ga kifi, a gasa maimakon a soya. Ga wake da zogale, ga tumatir da tattasai daga fadama. A rage malmalar tuwo da lemon kwalba, a sassauta wa sukari a shayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yin minti 150 na motsa jiki a mako. Tafiya kasuwa a ƙafa ma tana ciki. Rage nauyi da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Don Allah ka janye wannan shawara.