A auna ƙwayar kafin a auna likkafani

Duk wanda ya taɓa kwana a Mallawa daren biki, ko ya tsaya bakin filin kokowa a Dungas bayan girbi, ya san abin da samarinmu ke haɗiya da shayi don su kai asuba suna rawa. Mahukunta ma sun sani. Sai dai tun da aka kafa dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999, maganarsu ɗaya ce: a kama, a ɗaure, a tara katan-katan a cinna musu wuta gaban 'yan jarida. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, ƙwaya kuwa ba ta fasa ƙetaro iyaka ta wajen Maigatari ba.

Abin da ya canza shi ne cikinta. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Na kasuwa kuwa ya kai 225, har 250, adadin da kan jefa yaro farfaɗiya. Da Indiya ta tsananta dokar fitar da shi a 2018, sai 'yan fataucin suka sake dabara. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya tona wani kamfanin Indiya mai haɗa tapentadol da carisoprodol cikin ƙwaya ɗaya, irin su Tafrodol, haɗin da ke danne numfashi, ana sayar da shi a Najeriya da Gana da Kodebuwa. Wa zai rantse cewa abin da ya shiga kasuwar Kano ba zai kwana a Magarya ba? Yaron da ya miƙa dala ashirin ɗinsa cinikin biri a sama ya yi.

Ku 'yan kasuwa, a cikinku akwai mai biyan kuɗin buhun gero bai soka ya ga ƙwayarsa ba?

A Holan tun 1992 akwai wuraren da mutum zai kai ƙwayarsa a auna, ba a tambayi sunansa ba, ba a kira masa ɗan sanda ba. A Disamban 2014 suka gano wata mai tambarin Superman ɗauke da guba mai suna PMMA, suka yi shela a talabijin da rediyo. Ba a ji mutuwa ko ɗaya a can ba. A Ingila, inda ba a yi irin wannan shela ba, mutum huɗu suka mutu cikin 'yan kwanaki.

Na san abin da za a ce: ai wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. To, ɓarnar ta jira izinin wani ne kafin ta shigo? Awo ba ya halatta ƙwaya, ba ya kuma mai da ita lafiyayya. Amfaninsa shi ne ya zaunar da yaro gaban ma'aikacin lafiya, a gaya masa gaskiya a idonsa, wataƙila ya zubar. Mu da aka yi wa dubban 'ya'yanmu allurar sanƙarau ta jabu a 1995 bai kamata a koya mana darajar awo ba.

Kada kuma a fake da talauci. Muna da LANSPEX a Yamai, aikinsa ke nan binciken magunguna. Abin da jandarma da 'yan duwan suka kama a Magarya da Dungas, a aika wani kashi can kafin a ƙone, a faɗi sakamakon da Hausa a rediyon karkara ranar kasuwa: kaza ce launinta, kaza ce tambarinta, ga abin da ke ciki. A gidan likita na Mallawa a ajiye akwati inda uwa za ta jefa abin da ta tsinta a aljihun ɗanta ba tare da fargabar kaso ba. Nan ne dokar 1999 ke buƙatar gyara, don a yau mai riƙe da ƙwaya mai laifi ne ko da awo ya kawo ta. Niyuzilan ta yi irin wannan gyaran a 2021. Ma'aikatar lafiya da ta shari'a su zauna su rubuta shi kafin kokowar kaka mai zuwa.