Gyaran da Ya Ɓata Star Trek

A shekarar 2006 kamfanin CBS na Amurka ya ɗauko tsohon shirin talabijin na Star Trek, wanda aka fara nunawa a 1966, ya cire hotunan kumbon Enterprise, ya sanya zanen kwamfuta a madadinsu. Wai gyara ke nan.

Kumbon asali samfuri ne na katako da roba, mai tsawon ƙafa 11, wanda Matt Jefferies ya tsara. Ba a ƙarasa ɓangarensa na hagu ba, ta nan wayoyin lantarki ke fita, don haka daga dama ake ɗaukarsa, yana ratsa allo a hankali, da ƙasaitar jirgin ruwan yaƙi. Masu kare CBS sun ce tsofaffin hotunan sun dusashe, ba za su yi kyau a talabijin na zamani ba. To, wa ya taɓa ganin kumbon ƙarni na 23, balle ya ce wancan bai yi kama ba? Masu fasaha ne suka zauna, da ɗan kuɗin hannunsu, suka zaɓa wa gobe kamanni, kuma zaɓin nasu aka goge.

Zanen 2006 ɗin ma tuni ya tsufa. Samfurin kuwa tun 1974 yake hannun gidan tarihi na Smithsonian a Washington, inda aka sake gyara shi a 2016.