Ba yawon banza ba ne

'Yan'uwa matasa, da an gama girbin masara aka ji za mu shiga Kano da aboki, sai wasu a Turawa su ce yawon banza ne. Mu ba mu yarda ba.

Mu kan bi motar safe daga Karaye, mu fara da Dutsen Dala. A Turai sai an biya kuɗi ake hawan bango mai duwatsun roba a cikin ɗaki. Mu namu na gaske ne, har da matakala. Kafin a kai sama numfashi ya ƙare, waya ta koma aljihu. A nan ne wanda muke zama benci ɗaya da shi kowace Lahadi, mai amsa mana "lafiya lau", zai ce bashin taki ya hana babansa barci, karatunsa kuma ya tsaya.

In an sauko sai gwanjo a Ƙofar Wambai, mu yi ta tayi mai kaya yana "albarka", sannan gurasa da tsire a faranti ɗaya.

Kuɗin mota da nauyi, gaskiya ne. To, wanda masararsa ta yi kyau bana ya biya wa ɗan'uwansa, kada kuma a ji a gari.