Daga Alƙali Zuwa Alcalde: Binciken Asalin Kalma Ma Kimiyya Ne

A ƙasar Sifen, magajin gari sunansa alcalde. Duk Bahaushen da ya ji wannan kalma zai tuna da alƙali, kuma bai yi kuskure ba, domin dukansu daga kalmar Larabci guda suka fito, mai ma'anar wanda ke yanke hukunci. Musulmi sun shiga Andalus a shekarar 711, mulkinsu bai ƙare ba sai da birnin Granada ya faɗi a 1492. A wannan dogon zama ne Sifaniyanci ya ari kalmar. Da farko mai shari'a take nufi, daga baya ta koma kan mai gudanar da mulkin gari.

To, mece ce hujjar wannan dangantaka? A ra'ayinmu, wannan tambaya ce ya kamata malamai su koya wa ɗalibai yi, domin kama da wane ba wane ba ne. Alal misali, mucho ta Sifaniyanci da much ta Ingilishi sun yi kama, kuma dukansu yawa suke nufi, amma ta farkon daga multus ta Latin ta fito, ta biyun kuwa daga tsohuwar kalmar Ingilishi micel.

Hujjar alcalde tana cikin harafin ض na kalmar Larabcin. Sibawaihi, malamin nahawu na ƙarni na 8, ya bayyana cewa daga gefen harshe ake furta shi, wato yana da kusanci da lam. Shi ya sa Sifaniyawa suka mayar da shi ld a alcalde, suka mayar da shi l a arrabal, unguwar bayan gari. Hausa ma haka ta yi a alƙali, alwala, larura da lamiri, har ma almajiranmu lodi suke kiran harafin. Sauyin sauti da ke maimaituwa bisa ƙa'ida a kalmomi da dama, ga kuma tarihin cuɗanya, shi ne hujja.

Saboda haka, ɗalibin da ya ji an ce kalma kaza daga harshe kaza ta fito, kada ya karɓa don ta yi masa daɗin ji. Ya nemi misalai, ya gwada ƙa'idar a kansu, kamar yadda yake gwaji a ɗakin kimiyya.