Kafin Ka Sayi Kifin Nemo, Fara Sayen Batir

Bidiyoyin ƙananan akwatunan kifin teku sun cika TikTok da YouTube: ɗan gilashi a kan tebur kusa da kwamfuta, fitila mai shuɗin haske, da kifi biyu masu ruwan lemo da ratsin fari suna ta kai-kawo. Masu sayarwa suna tallata irin wannan ƙaramin akwati a matsayin wanda ya dace da sabon shiga, wai don yana da araha kuma ba ya cin wuri. A ganina tallan ya birkita lissafi, musamman ga mazaunin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi. Ƙaramin akwati ya fi babba wuyar riƙewa, kuma na'urar da ta fi kowace muhimmanci ba ta cikin kwalin da za a aiko maka. Batir nake nufi.

Mu fara da girman akwatin. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, kuma haka ake so ruwan akwatinka ya tsaya kullum. Matsalar ita ce ruwa yana bin iska ya tafi, gishiri kuwa yana nan daram. Idan akwati mai lita 20 ya rasa lita ɗaya, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 36.8. Idan mai lita 80 ne ya rasa lita ɗayan, bai wuce 35.4 ba. Haka zafi yake, haka dattin abinci yake: ruwa kaɗan nan da nan yake sauyawa. Wanda ya san yadda shanya take bushewa a lokacin hunturu ya san saurin da ruwan zai riƙa raguwa. Shi ya sa nake ganin kada sabon shiga ya yi ƙasa da lita 60 zuwa 80, kuma ya haɗa da ƴar na'urar nan mai firikwensin da ke cike ruwa da kanta idan ya ragu. Ruwan cikon kuma marar gishiri ne, tunda gishirin bai je ko'ina ba. Ka dai tanadi tebur mai ƙarfi, don lita 80 ta haura kilo 80 tun kafin a zuba duwatsu da yashi.

Batun wuta shi ne inda littattafai da bidiyoyin Turawa ba za su taimake ka ba, don su ɗauke wuta abin labari ne. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, kuma duk lokacin da ya ɗumama abin da yake riƙewa yana ƙara raguwa. Famfon da ke juya ruwa shi ne huhun akwatin. Idan ya tsaya a daren bazara, kifin da ƙwayoyin bakteriya masu tace dattin duk suna rububin ƴar iskar da ta rage, cikin sa'o'i sai ka ga kifi a sama yana haki. Ko rukunin Band A, wanda ya fi kowane tsadar kuɗin wuta a Najeriya, alkawarinsa sa'a 20 ne a rana, wato akwai sa'a huɗu da babu wanda ya lamunce maka.

Abin daɗin shi ne famfunan ba su da cin wuta. Ka ɗauka famfon tacewa na cin wat 10, mai kaɗa ruwa na cin wat 5. Batirin mota irin mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200. Ko rabi kawai ka yi amfani da shi don kada batirin ya lalace da wuri, kana da kusan sa'a 40 a lissafin takarda, inbata kuma ta ci nata kason. Idan kana da sola a gida, ka ba famfunan layinsu na daban. Ka lura cewa inbata mai araha wadda wutarta ba tsaftatacciya ba ce tana sa wasu famfuna ƙugi da ɗaukar zafi. Ƙaramin famfon iska mai caji ta USB, wanda ke tashi da kansa idan an ɗauke wuta, shi ma ya kamata ya zauna a jikin akwatin.

Sai zafi. Ana so ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. Jerin kayan da za ka gani a intanet duk da hita suke farawa, amma a garin da Afrilu ke kai digiri 40, sanyaya ruwa ce babbar rigima. Fanka mai hura saman ruwa tana rage ƴan digiri, kuma ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu, sai dai tana ƙara shanye ruwan. Injin sanyaya ruwa na gaske kamar ƙaramin firij yake wajen cin wuta, batirin can ba zai kai shi ko'ina ba. Hita za ta yi amfani a daren Disamba da Janairu, balle a Jos. Na'urar daidaita zafi irin ta Inkbird tana iya kunna hita ko fanka gwargwadon abin da ma'auninta ya nuna.

Gishirin girki ba zai yi ba. Wanda ake haɗawa don wannan aiki, irin su Instant Ocean da Red Sea, yana da sinadaran kalsiyam da magnisiyam da sauran abin da ke cikin ruwan teku. Ruwan rijiyar burtsatse ko na leda ma ba abin dogaro ba ne sai ka auna. Ana amfani da matatar RO da ɗan ma'aunin TDS, wanda ake so ya nuna sifili ko kusa da shi. Wajen auna gishiri, ma'aunin nan mai kama da ƙaramin madubin hange ya fi na roba mai allura gaskiya, muddin kana saita shi lokaci-lokaci.

Daga nan sai haƙuri. Sabon akwati na bukatar mako huɗu zuwa shida babu kifi, har bakteriya su yi yawan da za su riƙa mayar da amoniya, wadda guba ce, zuwa naitirait sannan naitiret. Sai kayan gwaji sun nuna na farko da na biyu sun koma sifili kafin ka sa kifi.

Kifin da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya fito da shi yana cikin masu juriya, kuma ana kiwonsa a gonakin kifi, don haka ka nemi na kiwo. A tekun Indiya da Fasifik yake rayuwa, babu shi a gaɓar Legas, duk wanda ka gani ya sha doguwar tafiya. Biyu sun ishi akwatin lita 80. Shuɗiyar nan Dory kuwa tana kai kusan santimita 30, ba ta da wurin zama a ƙaramin akwati ko da ka gan ta ƴar ƙarama a shago.

Wani zai ce na tsawwala, kuɗin batir da matata da ma'aunai sun ninka na akwatin. Haka ne, kuma wanda aljihunsa bai kai ba gara ya fara da kifin ruwan daɗi. Wanda ya nace kuma, makonnin jiran nan su ne gwajinsa. Ya jefa ma'aunin zafi mai ajiye bayanai a waya cikin ruwan, ya rubuta sau nawa famfo ya tsaya da tsawon lokacin. In da hali ya yi gwajin a Maris ko Afrilu. Idan jadawalin ya nuna ruwan na haura digiri 30 da rana, ko famfo ya kwana a kashe ko da sau ɗaya, to ya ɗage sayen kifin har sai ya gyara wannan.