Wai Ina Aka Kai Sauran Haruffan?

Jama'a, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gutsure gaisuwa a waya. Yaro ya turo wa sa'an ubansa "slm ykk", ya rufe da "ngd". Haba! A da akwai uzuri, saƙon tes haruffa 160 ne, in ka wuce a ƙara cire maka kuɗi. Yau WhatsApp ba ya ƙirga harafi, to rowar ta mece ce? Cikakkiyar sallama fa lada 30 ce, kamar yadda ya zo a hadisi. Ga shi cutar ta shigo littattafanmu na intanet, kana karatu kana cankar wasali. Wanda ya tashi da "ykk", wane rubutun Hausa zai koya wa 'ya'yansa? Allah ya kyauta.