Nas Mai Ciki Da Ɗakin Hoton Ƙashi

Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Zariya ta Kwanar Dangora, ko wadda ta bi ta Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore ta nufi Jos, ya san yawan masu karaya da haɗarin mota ke kaiwa asibitocin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Karaya kuwa sai da hoton ƙashi. To, in yaro aka kawo yana ta fizge-fizge, wa akan ce ya riƙe shi gaban na'ura? Nas. Watakila kuwa tana da cikin wata biyu, ba wanda ya sani sai ita da Mahaliccinta.

Hasken na'urar nan ba a ganinsa, ba a jinsa, amma yana ratsa tsoka. Tun cikin 1956 wata likita a Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa yaran da aka haska suna cikin uwa sun fi sauran kamuwa da ciwon daji. Hoto ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Abin gudu shi ne ɗan kaɗan ɗin da ke taruwa ga wadda kullum ita ake kira. Saboda haka ƙa'idar duniya ta yanka wa ma'aikaci milisibat 20 a shekara, watau da mudun da ake auna hasken, amma ɗan tayi 1 tak, daga ranar da uwar ta faɗa har ta sauka. Nijeriya ma tana da hukumar lura da wannan, wadda dokar 1995 ta kafa, ta soma aiki cikin 2001.

A lura, an ce daga ranar da ta faɗa. Nan gizo ke saƙar. Bahaushiya, balle mai cikin fari, ko mahaifiyarta ba ta iya duba ta gaya wa, ina ga shugabanta namiji a ofis? Sai ta yi shiru har ciki ya tona kansa, alhali tsakanin mako na 8 da na 15 ne ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta fi rauni. Ba mu ga laifin kunya ba, tarbiyyarmu ce. Tsarin aiki ne ya kamata ya san da ita. A kowane asibiti a sami babbar nas mace wadda za a raɗa wa, ta sauya jerin aiki ba tare da ta faɗi dalili ba. Akawun da takardar ta bi ta hannunsa kuma ya kama bakinsa. Lalle kada a taɓa albashinta ko a danne mata ƙarin girma, gama in aka yi wa ɗaya haka, saura ba za su sake faɗa ba.

Riƙon yaro kuwa a bar wa ubansa ko kawunsa, a sa masa rigar dalma. Wadda tilas ta tsaya ta koma bayan kariya, ko ta ja da baya, domin in ta ninka nisanta, hasken da ke isa gare ta ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Masu goyo su kwantar da hankalinsu. Hasken hoto ba ya zama a jiki, ba ya shiga nono. Da an kashe na'ura ya tafi, kamar an hure fitila. Inda ake tsoro ga mai shayarwa shi ne wurin da ake taɓa ruwan magani mai fitar da irin wannan haske, kamar aidin da ake ba masu ciwon maƙoƙo, wannan kuwa sai manyan asibitoci irin na koyarwa na Ibadan. Kada wata ta yaye ɗanta don ta shiga ɗakin hoto.